Kuskuren Bugu Ko Wahalar Duniya? Yadda Ake Tantance Tsohuwar Kwandala

A shekarar 2010 an sayar da santi ɗaya na Amurka, bugun 1943, a kan dala miliyan 1.7. Irin wannan labari, haɗe da bidiyoyin da ke yawo a waya suna cewa kowa ya duba aljihunsa, ya sa duk wanda ya tsinci kwandala mai lanƙwasa ko mai tabo sai zuciyarsa ta fara lissafin gida da mota. Dillalan tsofaffin kuɗi kuwa sun san cewa mafi yawan abin da ake kawo musu da sunan kuskuren bugu lalacewa ce tsagwaronta: mota ta taka, ƙasa ta ci, yaro ya daka da dutse, ko maƙeri ya huda. A wurin masu tara sulalla iyakar a fili take. Abin da ya sami kwandala kafin a buga ta, ko a daidai lokacin bugun, shi ne kuskure, kuma yana iya ɗaga darajarta. Abin da ya same ta bayan ta fito daga inji, ko da a cikin gidan buga kuɗin ne wajen zuba ta a buhu, lalacewa ce, rage mata daraja kawai yake yi.

Inda mutane ke ɓata shi ne tambayar da suke farawa da ita. Mai kwandala zai ce, "To in ba daga kamfani ba ne, me ya yi mata haka?" Wannan tambaya ba ta da ƙarshe, domin hanyoyin da ƙarfe ke bi ya lalace a hannun jama'a cikin shekara saba'in ba su ƙirguwa, kuma ba wanda ya ɗauki alkawarin sanin tarihin kowace kwandala. Hanyoyin da injin bugu ke kuskure su ne ƙididdigaggu, an san su, an rubuta su. Saboda haka nauyin kawo hujja yana kan mai cewa kuskure ne. Shi zai nuna a wane mataki na aikin wannan abu zai iya faruwa. In ya kasa, magana ta ƙare.

Ke nan sai an san aikin kansa. Ƙarfen yana zuwa ne a naɗe, dogon falle mai kaurin kwandalar da za a yi. Inji ya huhhuda fallen ya fitar da faya-fayai masu santsi, ba zane. A gasa su su yi laushi, a wanke, sannan a bi da su ta wani inji da ke matse gefensu har ɗan leɓe ya taso a kewaye. Daga nan sai bugu. Faifan zai faɗa cikin wani zoben ƙarfe mai daidai faɗin kwandala, hatimi ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a danna da nauyin tan gommai. Ƙarfen ya malala ya cika ramukan hatiman biyu, ya kuma bazu ya matsu da jikin zoben. In zoben na da haƙora, su ne zara-zaran da kake ji a gefen kwandala. Injinan da Amurka ke aiki da su yanzu suna iya buga 750 a minti ɗaya. Wuri uku ke nan da kuskure ke iya shiga: faifai, hatimi, ko bugun kansa.

Akwai abubuwan da ke fitowa daga wannan bayani waɗanda su kaɗai sun isa su kashe rabin gardama. Gaba da baya da haƙoran gefe duk a bugu ɗaya ake yin su, don haka babban kuskure a fuska ɗaya yakan bar shaida a ɗayar. Bugu ba ya ƙara wa faifai nauyi, ba ya rage masa. Cikakken faifan da aka buga a cikin zobe zai fito daidai faɗin zoben. Sannan hatimi a juye yake: abin da yake rami a jikinsa, tudu zai fito a kwandala.

Wannan na ƙarshe shi ne gwaji mafi sauƙi. Hatimi yakan tsage saboda yawan aiki, ƙarfe ya shiga tsagar, sai ka ga siririn layi mai tudu, mai karkace-karkace, ya ratsa harafi ko hoto ba tare da ya ture komai ba. Ƙarzuwa kuwa rami ce. Karkata kwandalar a ƙarƙashin fitila ɗaya, ka duba da gilashin ƙara girma: za ka ga kwari, ƙarfen da aka ture ya taru a bakinsa, cikin kwarin ya fi sauran jikin haske in sabo ne. Wuƙar da aka shigar a karkace tana iya tayar da tudu mai kama da tsagar hatimi, amma kwarinta na nan kwance a gefen tudun, ba ya ɓuya. Wani lokaci ɓangaren bakin hatimi ne ke ɓallewa gaba ɗaya, ƙarfe ya cika gurbin, a sami dunƙule mai santsi manne da leɓen kwandala, ya shafe haruffan wurin. Juya ta ka duba daidai bayan dunƙulen. A na gaske zanen wurin zai yi rauni, domin ƙarfen da ya kamata ya cika shi ya tafi cike gurbi. Ɗigon dalma da wani ya ɗora ba ya taɓa bayan, launinsa daban ne, kuma sikeli zai tona shi.

Mai buga bulo ya san wannan ba sai an koya masa ba. In abin bugunsa ya sami lahani, duk bulon da ya fito ranar da lahanin zai fito, a kusurwa ɗaya, da siffa ɗaya. Bulon da ya faɗo daga amalanke kuwa shi kaɗai ya san irin karayarsa. Kuskuren hatimi yana da 'yan'uwa, ɗaruruwa ko dubbai, kuma ƙungiyoyin masu bin diddigin abin, irin su CONECA a Amurka, sun tattara hotunansu. In ka ce taka ta hatimi ce, amma ba ta da ko ɗan'uwa ɗaya a duniya, kai ma ka san da sauran magana.

Babu inda ake tafka asara kamar a kan ruɓanyar rubutu, don haka bari in daɗe a nan. Shi hatimin ma buga shi ake yi. Akwai uwar hatimi mai ɗauke da zanen a tudu, ita ake dannawa a kan ƙarfe mai laushi ta bar zanen a rami. A da dannawa ɗaya ba ta isa, sai a sake gasa ƙarfen a sake dannawa. In a karo na biyu aka ɗan goce, zane biyu sun zauna a jikin hatimin har abada. Haka ta faru da santi ɗaya a gidan buga kuɗi na Filadelfiya a Amurka, a 1955. Shekarar da kalmar LIBERTY da rubutun IN GOD WE TRUST duk suka fito biyu-biyu, ido ma na gani ba sai da gilashi ba. Kafin a farga, waɗanda aka buga sun gauraye da sauran santi masu ɗimbin yawa, masu gidan suka ga ba za su narkar da tarin duka ba, suka sake su. An ƙiyasta 20,000 zuwa 24,000 suka shiga hannun jama'a. Da yawa a cikin kwalin taba aka tsince su: kwali santi 23 ne, injin sayarwa kuma santi 25 yake karɓa, sai a cusa canjin santi biyu a cikin ledar kwalin. Yau ko wadda ta sha hannu tana haura dala dubu.

To amma akwai wata ruɓanyar da ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, wadda ba ta da kasuwa. Hatimi ne ya yi sako-sako a mazauninsa, bayan ya buga sai ya ɗan yi tsalle ko ya zame, ya murƙushe gefen haruffan da ya gama yi. A cikin inji abin ya faru, amma masu tara sulalla ba sa ƙara ko sisi a kansa. Da gilashi bambancin a bayyane yake. A ta hatimi, zanen biyu duk masu ƙundu ne, tsayinsu kusan ɗaya, harafin ya ƙara kauri, kuma a kusurwoyinsa akwai 'yar tsaga inda biyun suka rabu. A ta zamewa, na biyun shimfiɗaɗɗe ne, yana ƙasa da na farko, kuma daga jikin harafin aka ci shi, don haka harafin ya rame maimakon ya yi ƙiba. Akwai ta uku, ta tsufan hatimi, inda haruffa ke yin inuwa dishi-dishi ta wajen leɓe. A 1955 ɗin ma akwai irinta a kan lamba 5 ta ƙarshe, ita ake tallatawa da sunan ruɓanyar talaka, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Santin 1969 na San Faransisko ya ba da wata dabara mai kyau. Har zuwa 1989, harafin da ke nuna garin da aka buga santi da hannu ake dasa shi a kan kowane hatimi, bayan an gama da uwar hatimi. Ke nan a ruɓanyar gaske ta 1969, shekara da rubutu za su fito biyu, amma harafin S zai tsaya shi kaɗai. In ka ga S ɗin ma ya ruɓanya tare da sauran, zamewa ce. Ta gasken ta taɓa haura dala 100,000 a gwanjo. Abin dariya, lokacin da suka fara ɓulla jami'an tsaron Amurka sun ƙwace wasu a kan zaton jabu ne, kafin a tabbatar daga gidan gwamnati suka fito.

Sai lalacewar ganganci, wato wadda aka yi don ta yi kama da sanannen kuskure. Cire abu ya fi ƙara shi sauƙi, shi ya sa 'yan damfara suka fi son kurakuran rashi. A 1937 wani ma'aikaci a gidan buga kuɗi na Denba a Amurka ya goge hatimin santi 5 mai hoton ɓauna fiye da kima, har ƙafar gaba ta dama ta ɓace. Ɓauna mai ƙafa uku ta yi suna, sai masu magagari suka shiga yanke wa lafiyayyun ɓauna ƙafa. Amma gugar da ta cinye ƙafar ta bar wasu alamu a hatimin: kofaton na nan a ƙasa, ƙafar baya ta yi ƙuraje-ƙuraje, ga kuma jerin ɗigo masu tudu da suka gangaro daga ƙarƙashin cikinta. Mai magagari ƙafa kawai ya cire, sauran alamun ba shi da su. Haka santin 1922. A shekarar Denba kaɗai ta buga santi, don haka kowanne ya kamata ya zo da harafin D. Wasu sun fito ba shi saboda lalacewar hatimi, kuma su ma an yi ta kankare D a kwaikwaye su. Wurin da aka kankare yakan ɗan lotsa, ƙyallinsa ya bambanta, da 'yan layuka masu bin hanya ɗaya. Harafin da ya ɓace don maiƙo ya toshe ramin hatimi, fatar wurin lafiya lau take, iri ɗaya da kewayenta. A 2007 ma, da aka fitar da dala ɗaya mai hoton George Washington wadda rubutunta ke gefe, dubbai sun tsallake injin rubutun suka fita da gefe fayau. Ba a jima ba aka fara goge gefen lafiyayyu. Wadda aka goge ba ta cika milimita 26.5 a faɗi, nauyinta kuma ya gaza giram 8.1.

Wannan ya kawo mu kan sikeli da maganaɗisu, kayan aikin da nake ganin sun fi kowane gilashi amfani, ga araha. Ƙaramin sikelin masu sayar da gwal, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ya wadatar. Koma kan santin 1943. A shekarar ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka na buƙatar tagulla don kayan yaƙi, sai aka yi santi da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, giram 2.7. 'Yan faya-fayan tagulla da suka saura a kwandunan 1942 suka bi layi aka buge su da hatimin 1943. Waɗanda aka sani 'yan ƙalilan ne. Jabunsu kuwa buhu-buhu: a ɗauki na baƙin ƙarfe a shafa masa tagulla. Maganaɗisu ya kama shi, an gama. In bai kama ba, a auna, dole ya yi kusan giram 3.11. In ya wuce nan, a duba lamba 3, domin ana sassaƙe rabin 8 ta 1948 ta koma 3. Ukun gaske ta shekarar jelarta doguwa ce, ta sauko ƙasa, iri ɗaya da ta kan na baƙin ƙarfe.

Launi shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarya. Tun 1965 santi 25 na Amurka hawa uku ne, jan ƙarfe a tsakiya, farin rufi sama da ƙasa. Yakan faru rufi ɗaya ya ɓalle kafin bugu, fuska ɗaya ta fito ja. Irin wannan nauyinta kusan giram 4.7 ne maimakon 5.67, jan mai ƙyalli ne, ɗaya fuskar kuma fara sol. Wadda ta kwana a ƙasa ko a kwata ita ma tana yin ja, amma ja mai duhu, fuska biyu har da gefe, nauyi cikakke. Wadda aka tsoma a asid takan sirance ta kuma ƙanƙance, zanen duk yana nan amma ya yi laushi kamar ana hango shi cikin ruwa. Faifan da ya zo siriri daga gidan bugu ba haka yake ba: faɗinsa cikakke, fatarsa sumul, sai dai wuraren da suka fi tudu ba su cika ba don ƙarfe ya yi kaɗan. Santin da aka buga daga 1982 tutiya ce da ɗan rufin tagulla, giram 2.5, kuma in ruwa ya sami ƙofa sai ta kumbura ta yi ƙuraje ta ruɓe daga ciki. Masu launin zinariya da azurfa kuwa, yawancinsu aikin ɗaliban kimiyya ne ko na kamfanonin tsaraba.

Ta ɓangaren siffa, kwandala mai gutsuren gefe ita ta fi yawan kawo gardama. In fallen ƙarfe bai matsa gaba sosai ba, injin huda zai ciji wurin da aka riga aka huda, faifan ya fito da gutsure mai siffar jinjirin wata. Tunda gutsuren ya riga bugu, leɓen kwandala zai tafi yana sirancewa har ya narke a bakin gutsuren, haruffan kusa kuma su ja jiki su nufi wurin. Sau da yawa leɓen da ke tsallake, daidai saitin gutsuren, shi ma zai yi rauni, domin injin tayar da leɓe bai sami abin dogarawa ba a lokacin. Ba kowace ta gaske ke nuna wannan na tsallaken ba, amma in ka gan shi alama ce mai ƙarfi. Wadda aka datse da almakashin ƙarfe ko kurfi, leɓenta tsaye yake da ƙarfinsa har bakin yankan, sai ya katse kwatsam, ga kaifi, sau da yawa ga lanƙwasa.

Wadda aka buga a goce, rabi zane rabi fili, a wajen zobe aka buga ta, don haka ba za ta zo da haƙoran gefe ba, filin kuma santsi ne na faifan da hatimi bai taɓa ba. In ka ga fili mai ƙarzuwa da haƙora cif a gefe, dutsen wasa wuƙa ne ya yi aikin. Akwai kuma wadda ta ƙanƙance, gefenta ya yi kauri ya naɗo ciki ya fara rufe haruffa. Babu injin bugun da ke yin wannan. A Amurka yawanci ta maƙale ne a injin busar da tufafi ta yi ta juyi tana buguwa. Sai wadda ke ɗauke da rubutun wata kwandala a juye, a lotse, a kan zanenta. An haɗa biyu ne an matse a bayis ko an daka da guduma, kuma bayanta zai nuna: ya baje, ya ƙuje, wani lokaci duk jikin ya fi zobe faɗi. Gaskiya ne akwai kuskuren da ya yi kama da haka, inda kwandala ke maƙalewa a hatimi ta buga wadda ta biyo bayanta. Amma a can fuska ɗaya gaba ɗayanta ce ke zama juyayyen hoto a lotse, ɗaya fuskar kuma ta fito tsaf, ko ƙwarzane babu.

Duk wannan ba labarin Amurka kaɗai ba ne. Kuɗin da iyaye da kakanni suka kashe a Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya zamanin Turawa, anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka, yawancinsu a Ingila aka buga su da irin waɗannan injina. Ɗan harafin H da ke jikin wasu na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN kuma na King's Norton. Anini da ɗari da kwabo da hudarsu aka yi su, a tsakiyar tauraro mai tsini shida. Akan sami wanda hudarsa ta goce, ko wanda ba a huda ba sam, kuma masu tarawa na son su. Na gaske huda ɗaya gare shi, faɗinta daidai da na 'yan'uwansa, bakinta ya tsufa tare da sauran jikin. Marar huda dole ya fi mai huda nauyi. Huda a kusa da baki, musamman a kan sule ko fataka, aikin mai son rataya ne, za ka ga ƙarfen ya turo ta fuska ɗaya.

A nan ƙasar Hausa babban mai sauya wa kwandala kama shi ne ado. Maƙeran fari sun daɗe suna maƙala wa sule da fataka da liyari kunne don abin wuya, suna kuma daddaka gefen sulen azurfa su fafe tsakiya ya zama zobe. Wanda aka fara dakawa aka fasa, shi ne za ka gani da gefe mai kauri, tamkar na injin busar da tufafin can. Wadda aka cire wa kunne za ta bar tabo a gefe daidai saman kai, haƙoran wurin sun shafe, launin ya ƙone. Wadda aka toshe wa huda, harafin da aka sake sassaƙawa a wurin ba ya kama da 'yan'uwansa. Shi liyari, wato dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, yana da nasa ruɗanin: 1780 da ke jikinsa shekarar rasuwarta ce, kuma da ita aka ci gaba da buga shi a Biyana da Landan da Bombay da Paris da wasu biranen, har yau ba a daina ba. Giram 28 ne da ɗoriya kaɗan, kuma kuɗin yawancinsu kuɗin azurfarsu ne.

Wasu abubuwan kuma ba kuskure ba ne, ba lalacewa ba ce, haka aka tsara su. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, laima ta yi ta cin sa, a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel, don haka farin gari da ramukan da ke jikin na alminiyam tsatsa ce. Kwabo ya koma ja daga 1952 saboda an sauya zuwa tagulla. Sule da fataka na daga 1938 suna da kwari a tsakiyar gefensu, an yi shi ne don a wahalar da masu zuba jabu, ba alamar an manna biyu ba ce. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar da ya hau, yana da daɗin labari, amma miliyoyi aka buga, ba tsada gare shi ba. Kuɗin Amurka in ka juya su hagu zuwa dama bayan zai fito kai a ƙasa, haka tsarinsu yake. Fam 2 na Ingila rubutun gefenta na iya kallon sama ko ƙasa, domin kafin bugu ake yin sa, faifan kuma ta ko'ina yana iya faɗawa. Kwabon Ingila na bayan 1992 maganaɗisu na kama shi don cikinsa baƙin ƙarfe ne, haka ma naira ɗayarmu ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay.

Kuskuren da ya fi cancanta mutum ya zazzage gwangwanin kaka dominsa shi ne wanda masu harkar ke kira alfadari, wato hatiman da ba na juna ba aka haɗa. Akwai kwabon Afirka ta Yamma mai ɗauke da shekarar 1945 a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma da sunan Edward na 8, shekara tara bayan saukarsa. Akwai na 1956 mai sunan Sarki Joji na 6, wanda ya rasu tun 1952. Dukansu masu harafin H ne, alamar wani ne a Heaton ya ɗauko tsohon hatimi. Ingila ta yi irinsa a 2008, da aka mayar da shekara daga bayan kwabo 20 zuwa gabanta: aka haɗa tsohon gaba da sabon baya, suka fito ba shekara ko'ina, kuma gidan buga kuɗin ƙasar ya ce ba su kai 250,000 ba. A Amurka an buga gaban santi 25 da bayan dala ɗaya a 2000, kusan 20 aka sani, ɗaya ta yi dala 192,000 a 2018. Abin lura shi ne alfadari ma ana ƙera shi a shago. A fafe kwandala ɗaya a bar leɓenta, a rage wata a cusa ta ciki. Haka ake yin mai kai biyu ta masu rufa-ido, kuma kusan duk mai kai biyun da za ka gani irinta ce. Nemi siririn layin haɗi a cikin leɓe, ba a gefe ba. Ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa da wata: lafiyayya za ta yi ƙara mai tsawo, haɗaɗɗiya za ta ce ƙwas ta yi shiru.

In kwandala ta tsallake duk waɗannan, abu na farko kada a wanke ta. Toka da lemun tsami da man goge ƙarfe suna kankare fatar da bugu ya bari, kuma ba ta dawowa. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC na 1987, za su tabbatar da kuskuren amma su rubuta a jikin akwatin cewa an goge, farashin ya faɗi warwas. A riƙe ta ta gefe, a auna, a ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a gwada da hotunan waɗanda aka riga aka tabbatar.

Sai kuma lissafi, wanda masu bidiyo ba sa faɗa. Kasancewar kuskure na gaske ba ya nufin akwai kuɗi. 'Yar tsagar hatimi, harafin da maiƙo ya toshe, ƙaramin gutsure a kan santin zamani, duk na gaske ne, kuma 'yan daloli ne kuɗinsu, alhali ladan tantancewa da na aikawa da dawowa zai ci gommai. Farashin da wani ya liƙa a kasuwar intanet ta eBay buri ne nasa, abin dubawa shi ne nawa aka saya. Kwabo 2 na Ingila mai rubutun NEW PENCE misali ne: ana ta tallata na 1971 da dubban fam, alhali a shekarar an buga sama da biliyan 1.4, kuma haka rubutun yake a kan kowanne har 1981. Wanda ake nema shi ne na 1983, bayan an sauya rubutun zuwa TWO PENCE, kuma shi a cikin fakitin masu tarawa ya fito, ba a canjin kasuwa ba.